Wuƙar da Ba Ta Tsatsa da Wutar Maƙerin Kura

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya bi magudanai ya isa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, maƙerin yankin ya daina jiran damina kafin ya samu aiki. Rani da damina ana neman lauje da fartanya da wuƙa. Sai dai akwai lokacin da wuƙarsa ke jin kunya. Idan tumatir ya yi kwantai a Kwanar Gafan, manoma suka koma yanka shi ana shanyawa, tsamin ruwansa kan mayar da wuƙar baƙa kafin la'asar, in kuma ta kwana ba a goge ba a tarar da tsatsa. Shi ya sa wuƙaƙen waje masu ƙyalli suka samu shiga, ko da yake masu arahar cikinsu ba sa riƙe kaifi. To me zai hana maƙerinmu ya ƙera irinsu?

Ƙarfen da ya saba da shi, sifirin mota, mai haƙuri ne. A sa shi a gawayin ƙirya, a ja zugazugi har ya yi ja, wajen digiri 800 zuwa 830, a tsoma a baƙin mai, ya taurare. Ido ya isa ya gane wannan zafin, kuma mayen ƙarfe na taimakawa, don a digiri 770 yake daina kama ƙarfe. Daga nan a ɗan sake ɗumama wuƙar zuwa wajen digiri 200, don kada taurin ya sa ta karye.

Ƙarfe marar tsatsa ba ya karɓar wannan. Abin da ke kare shi sinadarin kuromiyam ne, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, wanda ke haɗuwa da iska ya yi wata fata da ido ba ya gani. Harry Brearley ya narka irinsa a Sheffield ta Ingila a 1913, amma wuƙar ba ta yi amfani ba sai da wani gwanin wuƙaƙe, Ernest Stuart, ya gano yadda za a taurara ta. Wahalar kenan har yau. A irin wanda ake kira 440C, kuromiyam na ƙulle da kabon cikin ƙananan ƙwayoyi, kuma ba sa sakin juna sai zafi ya kai wajen digiri 1,010 zuwa 1,065, a kuma riƙe shi a nan kimanin rabin awa. Wutar gawayi na iya kaiwa can, har ta wuce. Tsayawa ne ba ta iya ba. In zafin ya gaza, wuƙa ta fito da laushi, kuma abin takaici, tana iya yin tsatsar da aka guje wa. In ya zarce, ƙwayar ƙarfen ta yi gwaɓi, bakin ya riƙa ɓantarewa. A wannan zafin launi ya wuce ja, kuma babu idon da zai raba digiri 1,030 da 1,100, komai daɗewarsa a gaban uwar maƙera.

Akwai kuma tarkon da mai tsintar ƙarfe a bola zai faɗa. Tukunya da cokali da faranti masu ƙyalli galibi na irin da ake kira 304 ne, wanda wuta ba ta taurara shi ko kaɗan. A gwada da mayen ƙarfe: in bai kama sosai ba, ba na wuƙa ba ne.

Da yawa daga masu ƙera wuƙa don sha'awa a Amurka da Turai sun daina kokawa da wannan. Sukan sayi sandar ƙarfe mai lamba, su fitar da siffar wuƙa da injin gurza maimakon dukan masaba, su huda ramukan ƙota, sannan su aika wa masu tanderun lantarki. Can ake naɗe ta a takardar ƙarfe don iska kada ta cinye kabon, a gasa, a sanyaya, wasu har su tsoma ta a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, a auna taurinta da ma'aunin Rockwell, ana neman 57 zuwa 60. Paul Bos, wanda ya daɗe yana yi wa kamfanin wuƙaƙe na Buck wannan aiki, da gashin ƙarfe kawai ya yi suna.

A ganina, lauje da wuƙar mahauci su zauna a kan sifirin. Suna wasuwa a kowane dutse, kuma in sun lalace maƙerin na nan kusa. Wuƙar tumatir da albasa ce ta cancanci marar tsatsa, ita kuma ba aikin mutum ɗaya ba ce. Tanderu guda mai ma'aunin zafi zai iya ɗaukar aikin maƙeran Kura da Bunkure gaba ɗaya, kowa ya kai nasa a gasa a tashi guda, a raba kuɗin wuta. Raba aiki ba baƙo ba ne a sana'ar, tun da can akwai maƙeran baƙi da na fari, kube kuma na baduku ne. Inda gizo ke saƙa shi ne lantarkin: in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rabin awar nan, sai a sake gashin tun daga farko, don haka duk mai niyyar kafa tanderun ya fara lissafi da janareta.