Jirgin Rigasa da Jirgin Tanja

Shekara biyu da 'yan watanni ne tsakaninsu. A watan Yulin 2016 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, a watan Nuwamban 2018 kuma Sarki Muhammad na Shida ya buɗe Al Boraq a Maroko, jirgi mai gudun tsiya na farko a Afirka. Namu kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya shimfiɗa shi da bashin dala miliyan 500 daga bankin Exim na can. Nasu taragon kamfanin Alstom na Faransa ne, da lantarki yake tafiya, yana kai kilomita 320 a awa guda. Daga Tanja zuwa Kasabalanka, sama da kilomita 300, awa biyu da minti goma ne. Daga tashar Idu ta Abuja zuwa tashar Rigasa ta Kaduna kilomita 186 ne kacal, amma fasinja ya kan share fiye da haka a zaune.

Mutane sukan tsaya nan su ce ai ga bambancin, gudu ne. Ni ban ɗauki gudun a bakin komai ba. Mai zuwa Kaduna da ya tsira daga dajin Rijana da Katari ba ƙarin rabin awa ne zai dame shi ba. Abin dubawa shi ne inda jirgin yake sauke mutum, da abin da yake jiransa a can.

Sabon layin dogon Al Boraq wajen kilomita 200 ne kawai, daga Tanja zuwa Kenitra. Daga nan sai ya hau tsohon layin da aka gyara, ya rage gudu, ya shiga Rabat, ya wuce Kasabalanka. Hakan ya yiwu ne don faɗin tsohon dogon da sabon ɗaya ne, milimita 1,435, kuma hukumar jiragen ƙasa ta Maroko, ONCF, ba ta taɓa barin tsohon ya mutu ba. Wanda ya sauka a Kenitra zai iya sauya jirgi ya nufi Fas. Wanda ya sauka a tashar Casa-Voyageurs ta Kasabalanka zai kama na Marrakesh, ko ya fito ƙofa ya tarar da jirgin cikin gari yana wucewa a gabansa, ya biya kuɗi kaɗan ya shige. Shi ya sa jiragen ƙasan Maroko suke ɗaukar fasinja sama da miliyan 50 a shekara.

Mu ma fa mun gaji dogo, kuma ba ƙarami ba. Tun 1911 jirgi ya iso Kano, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Shi ya yi jigilar gyaɗa da auduga da fatu zuwa Ikko, shi ya raya Zariya da Kafanchan. Sai dai faɗinsa milimita 1,067 ne, sabon tarago ba ya hawa kansa, kuma kafin sabon ya zo an riga an bar sassa da dama na tsohon ciyawa ta cinye, wasu wuraren har 'yan gwangwan sun kwashe ƙarafunan. Abin da muka samu sai ya zama guntaye: Abuja zuwa Kaduna, Warri zuwa Itakpe, Legas zuwa Ibadan, kowane yana harkar gabansa, babu wanda ya taɓa ɗan'uwansa. Kamar a ɗinka wa mutum hannun riga da aljihu masu kyau, a ce ya jira jikin rigar.

Je ka Rigasa lokacin da jirgi ya iso. Ƙofa na buɗewa sai rububi, mai jaka a ka, mai goyo, direbobin tasi da 'yan a-daidaita-sahu suna ta "Kawo! Kasuwa! Barnawa!", sai an yi ciniki kafin a shiga gari. Idu ma bayan gari take, ko da yake ita ta ɗan fi sa'a: jirgin cikin Abuja yana bi ta wurin, wanda aka buɗe a 2018, ya tsaya lokacin korona, bai dawo ba sai 2024.

Akwai abin da Maroko ba ta fama da shi, kuma rashin adalci ne a ƙi faɗa. Al Boraq da lafiyayyar hanyar mota yake gasa, dole ya burge fasinja ko a guje shi. Namu kuwa tsoron hanyar mota ne ya cika shi da mutane, manya da ƙanana, har tikiti ya koma hannun 'yan bumburutu kafin a fara sayarwa ta intanet a 2021. Ranar 28 ga Maris 2022 'yan bindiga suka dasa bam a kan dogon, suka kashe fasinjoji, suka yi awon gaba da wasu da dama, jirgin bai sake tashi ba sai Disamba. Babu injiniyan da zai magance wannan da ƙarfe.

Can Maroko ma ba a rasa masu ƙorafi ba. Tun ana ginin wasu 'yan ƙasar suka ce kuɗin ya fi dacewa da makarantu da asibitoci, kuma har yau babban gari irin Agadir bai ga jirgi ba.

Yanzu ido yana kan layin Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284 da kamfanin Mota-Engil yake ginawa, dukansu an aza harsashinsu a 2021. Idan na Maraɗi ya riga na Kaduna kammaluwa, ɗan kasuwar Jibiya zai iso Kano a jirgi, ya sauka ya nemi mota zuwa Rigasa.