Tauraro Mai Shiga Tafin Hannu



Duk wanda ya taɓa yin damina a ƙasar Haɗejiya ya san fargabar watan Agusta da Satumba. Ruwa ya gangaro daga madatsun Tiga da Challawa, ya tarar ciyawar kachala ta toshe masa hanya, sai ya ɓalle cikin shinkafar mutanen Auyo da Guri da Kirikasamma, kamar yadda aka sha a 2020 da 2022. Manomin da ke tsaye kan jinga iyakar gabansa yake gani. Mai ganin kogin ɗungurungum, daga Wudil har Nguru, yana can sama: tauraron ɗan'adam.

A da, mallakar tauraro galibi sai gwamnati da manyan kamfanoni. NigeriaSat-1, mai nauyin kusan kilo 100, a Ingila aka haɗa shi, daga Rasha kuma ya tashi a Satumbar 2003. Amma tun 1999 wasu malaman jami'a biyu a Kalifoniya, Bob Twiggs da Jordi Puig-Suari, suka fito da CubeSat domin ɗalibansu. Ɗan akwati ne, santimita 10 kowane gefe, bai kai tiyar shinkafa nauyi ba. Hikimar ita ce girmansu duka ɗaya ne, don haka roka mai ɗaukar babban tauraro kan raɓa su a gefe, kamar ɗan ƙunshin da ake saƙala wa direba a kan lodin buhuna.

Kayan cikinsa ma ba baƙi ba ne. A 2013 hukumar NASA ta harba PhoneSat, tauraron da wayar hannu ce ƙwaƙwalwarsa. Batir, kyamara, ɗan allon sola: mai gyaran waya a kasuwar Haɗejiya, da ke sunkuye kan waya yana ɗiga dalma, kullum irinsu yake taɓawa.

Mu ma mun ɗanɗana. A Yunin 2017 aka harba Nigeria EduSat-1, aikin Jami'ar Fasaha ta Akure da hukumar NASRDA da wata jami'ar fasaha a Kyushu ta Japan. Ya yi kusan shekara biyu yana kewaya duniya kafin ya rikito ya ƙone.

To, kada mu yaudari kanmu. Ɗan akwatin nan ba zai cire kachala ba, kuɗin harbawa kuwa har gobe ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. A ganina, ɗalibin kwalejin Binyaminu Usman ko na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa daga ƙasa ya kamata ya faro. Hotunan Sentinel-2 na Turai kyauta ne a intanet, kusan duk kwana biyar a sabunta su, ana iya bin ambaliya da su gona-gona idan gajimare bai rufe ba.

Sannan ga sauraro. Da ɗan abin kama rediyo mai kama da filasha, da eriyar da mai walda zai lanƙwasa masa, yaro zai iya tare tauraron yanayi na Rasha, Meteor, lokacin da yake ratsawa ta samansa. Minti goma da 'yan kai ne. Yana riƙe da eriya a tsakar gida, hoton yana sauka layi-layi a kwamfuta: ga Tafkin Chadi, ga hadarin da ke haɗuwa daga gabas.