Wai Ƙwallon Kwando Tana Zazzago da Mahaifa?

Na gaji da jin wannan magana, shi ya sa na ɗauki biro. 'Yar yayana ce, doguwa sambal, ta tashi a Warra ta samu gurbi a wata kwaleji. Mai horar da 'yan ƙwallon kwando ya hango ta a layin rajista ya ce ta zo fili. Ta yi mako uku tana zuwa, har an ba ta riga mai lamba, sai labari ya iso gida. Gwaggonmu ta sa aka kira ta a waya: ko ta bar tsalle-tsallen nan, ko ta tattaro kayanta ta dawo. Da na je ban baki, sai ta ce da ni, "Kai da ka yi boko ba ka san tsalle na zazzago da mahaifar mace ba? So kake a kai ta ɗaki ta zauna ba haihuwa, kishiya na yi mata gori?" Na ce, "Allah ya huci zuciyarki, Gwaggo, wa kika taɓa gani abin ya sama?" Ta ce ai haka ake faɗa. Aka gama kakar wasa ba da yarinya ba.

Wasan dai an san shi: biyar-biyar, ƙwallo a hannu, a jefa cikin zobe mai raga da aka kafa sama da mita 3. James Naismith ya ƙirƙiro shi a garin Springfield na Amurka a 1891, shekara na zagayowa mata suka fara buga shi a kwalejin Smith.

A Amurka duk kakar wasa kowace jami'a tana fitar da jerin 'yan wasanta: suna, tsayi, gari, da sakandaren da yarinya ta fito. Ga Nneka Ogwumike da ƙanwarta Chiney, iyayensu 'yan Najeriya: sakandaren Cy-Fair a Texas, sai jami'ar Stanford, kuma kowacce ita aka fara zaɓa a gasar ƙwararru ta WNBA a shekararta, 2012 da 2014. Duk wanda ya karanta irin wannan jeri zai gane cewa ba a jami'a ake yin 'yar wasa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma sakandare ce ɗanyen. Mu ma muna da namu wasannin, NUGA na jami'o'i tun 1966, NIPOGA na kwalejojin fasaha, NICEGA na kwalejojin ilimi, da gasar Milo ta 'yan sakandare. Amma da wuya ka ji an kira 'yar wasa an ce daga Warra, ko Libata, ko Yelwa, ko Shanga. Ba tsayi muka rasa ba. Ku tsaya bakin tasha ranar kasuwa ku ga 'yan matan da ke sauke kaya daga jirgi.

To mu koma kan mahaifar. Mahaifa ba tulu ba ce da aka ɗora a kan gammo, da za a ce girgiza za ta kayar da ita. Tana can cikin ƙugu, ƙashi ya kewaye ta, jijiyoyi sun ɗaure ta, tsokoki sun tallafe ta daga ƙasa. Gaskiya ne akwai cutar saukowar mahaifa, kuma likitoci sun san masu kawo ta: haihuwa a kai a kai ba hutu, doguwar naƙuda, tsufa, tari mai daɗewa, yawan yunƙuri a banɗaki, da ɗaukar kaya masu nauyi shekara da shekaru. Ku sake karanta na ƙarshen. Yarinyar da aka hana jefa ƙwallon da ba ta kai kilo ɗaya ba, ita ce tun tana shekara tara take ɗauko jarka mai lita 25 daga bakin ruwa, ta yi daka, ta yi surfe, ta ɗauko dammin itace, ta tuƙa kwalekwale, ta yini da tiren kifi banda a ka. Ban taɓa jin an ce ta ajiye taɓarya don kada mahaifarta ta sauko ba. Sai abin da zai kai ta gaba ne ke zazzago da mahaifa? Kuma gidan da ake tsoron tsalle, nan ne mace za ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki ba a kai ta asibiti ba, alhali wannan shi ne ainihin mai lalata mace har ya bar ta da yoyon fitsari.

Gani ya kori ji. Sheryl Swoopes, 'yar ƙaramin garin Brownfield, ta ci wa jami'ar Texas Tech kofi a 1993, ta haihu a watan Yunin 1997, bayan kamar mako shida ta koma fili, ƙungiyarta Houston Comets ta ɗauki kofi a shekarar, ta kuma ƙara uku a jere. Candace Parker ta yi wa jami'ar Tennessee wasa, ta haihu a 2009, bayan nan ta zama gwarzuwar WNBA a 2013. Waɗannan mata sun yi tsallen da 'yar yayana ba za ta yi rabinsa ba. Ba ina cewa mai jego ta bar wankan jego ta ruga fili ba. Ina nuna cewa mahaifar tana nan daram.

Abin dariya, jita-jitar ma ba tamu ba ce, gwanjo ce. Turawa sun riga mu yin ta. Bayan gasar Olamfik ta 1928 sun soke tseren mita 800 na mata wai jikinsu ba zai ɗauka ba, ba a maido shi ba sai 1960, dogon gudun fanfalaki na mata kuwa sai 1984. Sun gwada, sun ga ƙarya ce, sun yar. Mu muka tsince ta muna tallata ta a gidan suna.

Akwai ƙwayar gaskiya ɗaya, kuma ba zan ɓoye ta ba. Yarinyar da ke horo mai tsanani ba ta cin abinci isasshe, al'adarta kan rikice ko ta ɗauke. Ba ƙwallo ce ta jawo ba, yunwa ce: jiki ya ga abin da ke fita ya fi mai shiga, sai ya yi tsimi. In aka ƙara abinci aka rage horo, yawanci takan dawo. Haka kuma mata sun fi maza saurin tsinkewar jijiyar gwiwa. Wannan gwiwa ce, ba ciki ba.

Idan an kayar da mai jita-jita a nan, sai ya ruga ga sutura da addini. Kamar ba a taɓa karanta mana cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha ba. Sutura kuwa magana ce mai kyau, kuma an riga an yi mana yaƙinta. Bilqis Abdul-Qaadir, Musulma 'yar Springfield ɗin nan, ta ci maki 3,070 a sakandare, fiye da kowane namiji ko mace a jiharta, ta yi wa jami'ar Memphis da ta Indiana State wasa da ɗankwali da dogon wando. Hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta hana ta shiga ƙwararru saboda rufe kai, ta ƙi cirewa, aka yi ta gwagwarmaya har aka soke dokar a 2017. Lokacin da D'Tigress, ƙungiyar matan Najeriya, suka doke Ostareliya da Kanada a gasar Olamfik ta Paris a 2024, suka zama ƙungiyar ƙwallon kwando ta Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a Olamfik, duk mun yi tafi a gidan kallo. A cikinsu har da Murjanatu Musa, wadda ta taso daga gasar cikin gida. Muna son cin kofi da 'yar wani, tamu kuwa ta zauna.

Ban ce babu abin tsoro ba: talauci da rashin tsaro suna nan, ba mu manta da sace ɗaliban da aka yi a kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a Yunin 2021 ba, shi ya sa sai an yi hattara.

Ga iyaye: in 'yarku ta ce za ta yi wasa, ku je da ƙafarku ku ga filin. Ku tambayi wa ke horar da su, ƙarfe nawa ake tashi, akwai malama mace a wurin ko babu. In za a yi tafiyar gasa, ku nemi takardar makaranta da lambar malamar da za ta raka su, ku san inda za su kwana, kuma kada ku yarda da tafiyar dare ko ta ruwa ba rigar kariya. Ku ɗinka mata dogon wando mai sakewa da riga mai dogon hannu, ɗankwali mai kama kai wanda ba allura ba fil. Takalmi ya zama mai riƙe idon sawu, ko na gwanjo ne. Silifas a kan siminti targaɗe ne. Ku ciyar da ita. Mu da Allah ya ajiye a bakin tafkin Kainji ba mu da hujja: kifi, wake, zogale, gyaɗa, fura da nono, duk suna maida jinin da al'ada ke ragewa. In al'adarta ta ɗauke wata uku, ko tana yawan jiri da haki, asibiti za a kai ta, ba wajen mai saiwa ba. In gwiwa ta kumbura bayan faɗuwa, a sa ƙanƙara ko ruwan sanyi a huta, kada a bari mai ɗori ya murɗe ta kafin likita ya gani.

Ga shugabannin makarantun 'yan mata: fili cikakke mita 28 ne da 15, amma rabinsa ya isa a fara. Ƙarfe ɗaya, allo ɗaya, zoben da maƙerin walda zai lanƙwasa, da ƙwallo biyu. Ku sa horo da safe ko bayan la'asar, ba cikin ranar Afrilu ba, ku ajiye ruwan sha a gefe, ku kewaye filin don samari masu leƙe. Ku fara da gasar gidaje, sannan ku gayyaci makarantar maƙwabta. Ku riƙe littafi: sunan yarinya, garinsu, tsayinta, makin da ta ci. Wannan littafi shi za ta nuna wa mai horarwa in ta je karatu Aliero ko Argungu ko Birnin Kebbi. Wadda ta faɗi jarrabawa a ajiye ta a benci har ta gyara. Mai horarwar da ya kira yarinya ita kaɗai ofis ko ɗaki, a sallame shi ranar, ba sai an kafa kwamiti ba.

Rigar mai lamba tana nan a ƙasan akwatin 'yar yayana, ba ta mayar ba. Jumma'a mai zuwa zan koma wurin Gwaggo, wannan karon tare da ungozomar da ta karɓi haihuwar jikokinta uku.