Zare Mai Ruɓewa: Matsayin Audugar Zamfara a Sabon Binciken Tufafi

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana abin da masana ke nufi da zare mai ruɓewa, sannan a auna shi da abin da aka gada a Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Zare mai ruɓewa shi ne wanda in ya tsufa aka yar da shi, ƙananan halittun ƙasa za su cinye shi ya koma taki.

2.0 Zaren Gargajiya

A wannan yanki ana kiran auduga kaɗa. Mata ne ke gurza ta da magurji su fitar da angurya, su shiɓe ta, sannan su kaɗa ta da mazari a cikin taskira. Masaƙa kuwa su mai da zaren gwado ko saƙi ko fari, a kai marina a rina da baba. Akwai kuma tsamiya, watau siliki da ake samu daga gidan wata tsutsa. Duk abin da ya shiga wannan tufa daga tsiro ko dabba ya fito, don haka tsummanta kan ruɓe a juji ya koma gona.

Layin dogo daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda, wanda aka kammala a 1929, ya mai da Gusau cibiyar saye da gurzar auduga. A shekarun 1960 aka kafa masaƙar zamani a garin, wadda daga baya ta durƙushe kamar takwarorinta na Kaduna da Kano.

3.0 Zaren Roba

A 1935 aka ƙirƙiro nailan a Amurka, a 1941 kuma aka samo foliyesta a Ingila. Dukansu daga man fetur ake yin su. Suna da arha da ƙarko, amma ƙarkon nan shi ne aibinsu, domin ƙasa ba ta cin su sai bayan shekaru masu yawa. Haka kuma duk wankin da aka yi musu sai sun zubar da ɓurɓushi cikin ruwa.

4.0 Zaren da Aka Sarrafa Halittarsa

Nan ya kamata a rarrabe abu biyu. Na farko shi ne gyaran iri. A 2018 Nijeriya ta amince da noman audugar Bt, wadda aka gwada tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. An dasa mata ƙwayar gado daga wata ƙaramar halittar ƙasa, domin tsiron ya kashe tsutsar da ke cin ƙwallon auduga. Wannan gyara bai taɓa zaren ba. Yana ruɓewa kamar na kaka da kakanni.

Na biyu shi ne girka zaren ba tare da gona ba. Alal misali, kamfanin Spiber na Japan ya gyara ƙwayoyin gadon ƙananan halittu, ya ciyar da su sukari, suka samar da furotin mai kama da na yanar gizo-gizo. A 2019 aka sayar da rigar sanyi da aka yi da shi. Ta fuskar sinadari, wannan zare ɗan'uwan tsamiya ne.

Sai dai asalin zare kaɗai bai isa ba. Yadin da aka gauraya auduga da foliyesta, audugar ce kawai za ta ruɓe ta bar robar. Wasu rinin zamani ma kan jinkirta ruɓewar.

5.0 Kammalawa

An ga cewa siffar da ake nema a ɗakunan bincike tana nan a kaɗar Zamfara tun fil azal. Da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ya tsinke shi ne hanyar da ta haɗa manomi da makaɗiya da masaƙi. Ya rage ga masana harshe su tattara kalmomin sana'ar daga bakin tsofaffin Tsafe da Bunguɗu, domin a kansu za a gina sunayen sababbin zarurrukan.