Umurnin Kotu Don Kare Wanda Ake Zalunta A Gida

A yawon da muke yi ƙauyuka bayan kaka, ba maganar taki da rumbu kaɗai muke ji ba. Sau da yawa bayan an tashi taro wata mace takan ja mu gefe ta ce maigida ya sayar da hatsi, da ta yi magana ya lakaɗa mata duka, har ya ce zai kashe ta. Dattawan ikilisiya sun zauna sau biyu sau uku, abin bai daina ba. Takan ce, ita ba ta son aurenta ya mutu, amma tana tsoron ranta. Ga irin wannan akwai abin da kotu za ta iya yi, wato ta ba da umurnin kariya. Wannan umurni ba kashe aure ba ne. Shinge ne alƙali yake sawa tsakanin mai duka da wanda ake duka.

A shekarar 2015 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar hana cin zarafin mutane, wadda ake kira VAPP. Tana aiki a Abuja, sa'an nan jihohi suka riƙa kafa tasu, kamar Kaduna a 2018. Ga irin umurnin da ya kamata mu sani.

1. Umurnin wucin gadi

Wannan na gaggawa ne. Mai ƙara zai kai takardar rantsuwa ya bayyana abin da ake yi masa. Idan alƙali ya ga akwai hatsari, yana iya ba da umurni nan take, tun kafin a ji ta bakin wanda ake ƙara. Za a kai masa takarda, a sa ranar da zai zo ya faɗi nasa.

2. Cikakken umurnin kariya

Ana ba da shi bayan an kira kowane ɓangare. Idan wanda ake ƙara ya karɓi takarda ya ƙi zuwa, shari'a ba za ta tsaya dominsa ba. Alƙali yana duba halin da ake ciki ya zaɓi sharuɗɗa. Yana iya hana mutum duka ko barazana, ko sa wani ya yi masa wannan aikin. Yana iya hana shi shiga gidan, ko wani sashe na gidan, ko zuwa wurin aikin mai ƙara. Yana iya hana shi korar matar daga gidan da suke zama tare, ko sayar da gidan. Yana iya sa a karɓe makami, a haɗa mai ƙara da ɗan sanda ta je ta kwashe kayanta, a kuma biya kuɗin magani da na abinci. Idan yara suna cikin hatsari, yana iya hana ganinsu, ko ya ce sai da sharaɗi.

3. Alkawarin zaman lafiya

Wannan ya girmi dokar 2015. Majistare yana sa mutum ya sa hannu, wani lokaci da masu tsaya masa, cewa ba zai tā da hankali ba har tsawon lokacin da aka yanka. Idan ya karya, kuɗin da aka ɗaure shi da su za su tafi. Yana da amfani inda barazanar ta fito daga dangin miji, misali ga gwauruwar da ake so a kora daga gida.

Abin da ke ba umurnin kariya ƙarfi shi ne, ana haɗa shi da takardar kamu wadda za a ajiye. Muddin mutum yana bin umurni, ba mai taɓa shi. Ranar da ya karya, 'yan sanda suna da ikon kama shi. Dokar 2015 ta yanka tarar da ba ta wuce Naira 300,000 ba, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu.

Ba dole wanda aka zalunta ya je shi kaɗai ba. Ɗan sanda, ma'aikacin asibiti, malamin makaranta ko ma'aikacin jin daɗin jama'a yana iya kai ƙarar a madadinsa da yardarsa a rubuce. Idan yaro ne, ko wanda ya suma, ba a jiran wannan yarda. Dokar kuma ta kare namiji da mace duka.

'Yan'uwa, aikinmu a ƙungiya shi ne mu raka wanda aka ji wa ciwo asibiti, a karɓi takardar likita, a rubuta ranar da abin ya faru da waɗanda suka gani. Mu tambayi magatakardan kotu mafi kusa inda ake kai irin wannan ƙara a jiharmu. Sulhun dattawa da na Zumuntar Mata yana nan, amma kada mu mayar da kowa gidan da ake yi masa barazanar kisa mu ce ya yi haƙuri. A fara tsare rai, sa'an nan a zauna sulhu.