Yadda Ake Hana Kaya Lilo A Bisa Teku

A shekarar 1975 jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cincirindo a bakin tashar Ikko, galibinsu ɗauke da siminti. Da wurin tsayawa ya gaza, sai aka riƙa sauke wasu kayan a tsakiyar ruwa, daga manyan jirage zuwa cikin ƙanana. Irin wannan aiki ya fi na tudu haɗari ƙwarai, domin shi kansa injin ɗaga kayan yana bisa jirgin da ruwa ke girgizawa.

Duk kayan da ke rataye a igiyar ƙarfe lilo suke yi, kamar guga a bakin rijiya. Tsawon igiyar ne ke yanke saurin lilon, komai nauyin kayan. Igiya mai mita 10 takan kai ta komo cikin sakan 6 da ɗoriya, mai mita 25 kuwa cikin kamar sakan 10. Sau da yawa tazarar da ke tsakanin raƙuman ruwa ma haka take. To, idan bugun ruwan ya zo daidai da lilon, kowane raƙumi sai ya ƙara masa ƙarfi, har kayan su doki gefen jirgi ko su halaka lebura.

Saboda haka gwanin matuƙin inji yakan rage tsawon igiya ko ya ƙara, don ya raba lilon da bugun ruwa. Akan kuma ɗaura ƙananan igiyoyi a jikin kayan ana riƙe su ta gefe, shi kuwa kyaftin ya juya goshin jirgi ya fuskanci raƙuman.

Akwai kuma hawa da saukar jirgi, wanda kan sa igiya ta saki sa'an nan ta fizge har ta tsinke. A wuraren haƙar mai na teku, kamar Bonga da ya fara ba da mai a 2005 cikin ruwa mai zurfin fiye da mita 1,000, na'ura ce ke auna motsin jirgi. Kwamfuta sai ta sa inji ya saki igiya idan jirgi ya hau, ya ja ta idan ya sauka, kayan su tsaya cik.

Duk da haka, kafin a fara aiki akan ƙayyade tsayin raƙumin da za a iya jurewa. In ruwa ya zarce wannan, dole ne a ajiye ƙugiya a jira, ko da kuwa kuɗin jinkirin jirgi yana ƙaruwa.