Kwambatar Giya: Yadda Take Aiki da Yadda Ake Zaɓenta

Sa'ad da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri cikin 1975, yawancin motocin da ma'aikatan gwamnati suke saye a Kaduna masu kuloci ne, watau direba shi ke sa giya da hannunsa. Daga baya da motoci 'yan Kwatano suka yawaita, sai masu giya otomatik suka cika titunan garin. A irin wannan mota babu kulocin ƙafa. A madadinsa akwai wata na'ura mai siffar kabewa tsakanin inji da giya, cike da mai, wadda ake kira kwambata.

Asalinta daga Jamus ne. Wani injiniya mai suna Hermann Föttinger ya ƙirƙiro ta cikin 1905 domin jiragen ruwa, sa'an nan kamfanin Buick na Amurka ya sa ta a motocin kasuwa cikin 1948. A cikinta akwai farfela biyu suna fuskantar juna: ɗaya tana haɗe da inji, ɗaya da giya. Idan inji ya juya ta farko, sai ta watsa mai a kan ta biyu, ita ma ta soma juyawa. Tsakaninsu kuwa akwai ƙarama ta uku, mai karkato man da ya komo don ya taimaki ta farko. Da wannan dabara ƙarfin murɗawar inji yake ninkuwa kamar sau biyu lokacin tashi. Kuma da yake mai ne kawai ya haɗa su, mota tana iya tsayawa cikin giya inji bai mutu ba.

Kowace kwambata tana da ma'auninta, watau iyakar juyin da inji zai kai idan an danne birki, an sa giya, an take totur har ƙasa, amma ƙafafun motar ba su motsa ba. A motocin yau da kullum ma'aunin yakan tsaya wajen juyi 2,000 a minti ɗaya. A motocin tsere kuwa yakan wuce 4,000. Dalili shi ne, injin da aka gyara domin gudu ba ya nuna ƙarfinsa sai ya yi sama. Kwambata mai babban ma'auni takan sakar masa mara har ya kai wurin, sa'an nan motar ta zabura.

Amma fa abin da ya dace da filin tsere ba lalle ne ya dace da titi ba. Duk lokacin da farfelar farko ta fi ta biyu sauri, ƙarfin da ya salwanta tsakaninsu zafi yake zama a cikin man giya. Wanda yake bin titin Ahmadu Bello kullum, ko cunkoson Kawo, yana tafiya yana tsayawa, to kwambatarsa tana cikin sulɓi ke nan yawancin lokaci. Idan aka haɗa da zafin watan Maris da Afrilu, sai man ya ƙone, ya yi baƙi, faifan cikin giya su cinye. Bugu da ƙari, shan fetur yakan ƙaru.

Saboda haka mai zaɓe sai ya lura da abubuwa huɗu. Na farko, ya san inda injinsa yake ba da cikakken ƙarfi, ya zaɓi ma'aunin da yake ƙasa da wurin kaɗan. Injin da ba a taɓa kome a cikinsa ba, kwambatar da ya zo da ita ta wadace shi. Na biyu, ma'aunin kada ya zarce juyin da inji yake yi a doguwar tafiya, alal misali a hanyar Zariya, in ba haka ba sulɓin ba zai yanke ba. Na uku, ya nemi mai makulli, watau irin wadda take haɗe farfelun biyu su zama abu guda idan mota ta miƙa hanya. Na huɗu, ya ƙara wani ɗan lagireto na musamman domin sanyaya man giya.

Har ila yau, lambar da aka rubuta a kwali ba ita ce hukunci ba. Kwambata guda takan ba da ma'auni mafi girma idan inji ya fi ƙarfi. Don haka wanda ya je Panteka ko wajen masu sayar da kayan gyara yana neman ta hannu, ya tabbata ta dace da injinsa da giyarsa, kuma a wanke hanyoyin mai kafin a ɗaura. Bakanike in zai gwada ma'aunin, kada ya wuce daƙiƙa 5, domin a wannan gwaji man yakan yi zafi nan da nan.

Gudu na ɗan lokaci ne, gyaran giya kuwa yana iya lashe albashin watanni. Mai hankali yakan auna hanyar da yake bi kowace safiya kafin ya auna abin da ransa yake so.